Labulena Ya Kama Aikin Gwamnati

Ina kwance ina karanta littafi, an zo daidai inda jarumin ya kawo wa matarsa furanni, sai na ɗaga ido na ga nawa mijin a kan kujera yana cire labulen falona.

Wai Turawan da ke tallafa musu wajen gyara tsarin aikin gwamnati ne za su zo duba ofishinsu, tagogin kuma tsirara suke. Ya haɗa da kafet da furannin robana na aure, ya ɗaure a babur.

Da sati ya zagayo na ce, "Yallaɓai, ina kayana?"

"Haba Hajiyata! Baƙin sun yaba, har hoto suka ɗauka, sun ce ofishinmu abin koyi ne. In suka dawo suka tarar babu, me za mu ce?"

"Yaushe za su dawo?"

"Ba su faɗa ba."

Yanzu zanin gado na rataya a taga, ga Umma tana tafe daga Kwanar Dangora jibi, ita ta sayo min labulen. Na gaji wallahi.

'Yan uwa, ku gaya min abin da zan ce mata.