Mas'ud Mai Gano Munafuki a Waya

Mas'ud ɗan garin Sabuwa bai taɓa kama ko ɓarawon kaza ba, amma a waya shi ne sarkin bincike. Akwai wasan da yake bugawa, inda munafuki ɗaya ke kashe abokan wasa a ɓoye, sauran su yi ta musu har su kori wanda suke zargi. Wasannin jera lambobi kuwa, cewa yake na malalata ne. Iliminsa kaf guda ɗaya ne: wanda ya yi shiru, shi ne munafukin.

Ran nan a teburin mai shayi, maƙwabcinsa Mani ya zauna bai ce uffan ba. Mas'ud ya ɗago kai ya ce, "Baba Mani, wannan shirun naka irin na masu kai wa 'yan bindiga labari ne."

Dariya ya so a yi, ba wanda ya yi. A Sabuwa irin wannan magana kashe mutum take. Mani fa haƙori ne ke damunsa. Kafin Juma'a ya kwashe iyalinsa ya koma Funtua, ya bar dawarsa tsaye a gona.

Gwanin namu yana nan, yana ta cewa wasan na buɗe ƙwaƙwalwa.