Kawu Lawali, Faktar na Saint-Fons

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Lawali a Saint-Fons, can gefen Lyon a Faransa, ya san wuƙar nan tasa ta buɗe wasiƙa. 'Yar siririya ce mai ƙotar ƙaho, tana rataye a ƙusa bayan ƙofar falo, ko albasa ba a yankawa da ita. In wasiƙa ta zo, ko da tallan kantin kujeru ce, sai ya wanke hannu ya zauna, ya sa tabarau, ya duba tambur, ya duba hatimi ya ga garin da ta taso da ranar da ta taso, sannan ya farke bakin ambulan a hankali kamar mai fiɗar rago. A makon farko da na zo karatu daga Damagaram ya gan ni na yage tawa da haƙori. Bai yi faɗa ba. Kallona ya yi ya ce, "Mariyama, hannu nawa kike jin takardar nan ta bi kafin ta iso gare ki? Duk suka kula da ita, ke kika cije ta."

Ƙanen mahaifiyata ne. Ya zo Faransa yana saurayi, ya yi shekaru a masana'antun nan na bakin kogi da warinsu ke kama tufafin shanya, daga baya ya samu takardun ƙasa ya ci jarrabawar shiga gidan waya. Tun daga nan sunansa ya ɓace, sai Faktar, wato mai raba wasiƙu. A masallaci in ka ce Lawali sai a ce wanne, in ka ce Faktar an gane.

Maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa Malam Bitrus ne, injiniya mutumin Jos, Kirista, abokin gardamar Kawu. Shekara da shekaru suna musu a kan kalma ɗaya: shi ya ce kan sarki, Kawu ya ce tambur.

"Malam Lawali, mu muka fi ku sanin abin nan," in ji Malam Bitrus. "Turawan Ingila suka fara liƙa shi, da kan sarauniyarsu a jiki."

"To ka ji, sarauniya ce ma, ba sarki ba. Kuma ka rage murya, Malam Bitrus. Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sare kan nasu sarkin, kada su ji kana cigiyarsa."

Wata ƙaramar Sallah Kawu ya so ya gayyace shi cin abinci. Taku uku ne tsakanin ƙofarmu da tasa, amma sai da ya rubuta takarda, ya liƙa tambur, ya sauka bene huɗu ya jefa ta a akwatin bakin titi. Matarsa, Tanti Hadiza, ta ce, "Malam, ka ƙwanƙwasa masa mana." Ya ce gayyatar mutunci ba a yin ta a tsaye da silifa. Shi ya lissafa azumi talatin, sai aka ga wata a ashirin da tara, Sallah ta riga wasiƙa zuwa. Malam Bitrus ya ji ƙamshin soya kaji ya shigo da matarsa yin barka. Kawu ya tarbe su, ya cika musu kwano, sai da suka ƙoshi ya ce, "Ka dai sani yau ba a gayyace ka ba. Gayyatarka sai gobe." Washegari shi da kansa ya kawo ta, don unguwarmu cikin zagayensa take. Malam Bitrus ya karanta, ya sa hula, ya dawo ya sake ci.

Amma labarin da na fi so shi ne na Abdu Dogo. Wata rana wasiƙa ta faɗo buronsu, wato ofishinsu na gidan waya, daga Nijar, da hatimin Tasawa. Abin da ke bayanta kawai shi ne: Abdu Dogo, masana'anta, Lyon, Faransa. Ba sunan titi, ba adireshin mai aikowa. Abokan aikinsa suka miƙa masa suna dariya, suka ce ga ɗan ƙasarku. Ƙa'ida ta ce a tura irinta wani ofishi can nesa, Kawu kuwa ya san in ta tafi ta tafi ke nan. Ya roƙi shugabarsu ta kulle ta a aljihun tebur, ta ba shi wata ɗaya.

Ya bi masallatai, ya bi gidajen kwanan ma'aikata, ya tsaya bakin masana'antu lokacin tashi. Abdu Dogo uku ya samo, ba mai ita a cikinsu. Ɗaya ɗan Mali ne, ɗaya mutumin Tawa, na ukun gajere ne, tsokana ce ta sa ake ce masa Dogo. Da na ga ya fara rama na ce, "Kawu, a ɗora ta kan tururin shayi a buɗe, in an ga sunan wani a mayar a liƙe. Wa zai sani?"

"Ni," ya ce. "Ranar da na kama aikin nan rantsuwa na yi ba zan buɗe ta kowa ba."

Saura kwana kaɗan wa'adi ya cika, wani tsoho ya tuna da wani Abdu na Tasawa da aikinsa ya ƙare ya koma La Courneuve, a gefen Paris. Ran Lahadi da sassafe muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Ni ya ɗauka don na san metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa ya tsane shi, ya ce ba a ganin lambar gida a ƙarƙashin ƙasa. Muka yi ta shiga benaye muna tambaya har azahar ta wuce. A hawa na tara na wani gini wani dogon mutum ramamme ya buɗe ƙofa rabi, yana mana kallon tsoro. Daga baya muka ji takardunsa na zama sun ƙare, duk ƙwanƙwasa ƙofa gabansa faɗuwa yake. Kawu ya yi masa sallama da Hausa, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, har aiki da gajiya da sanyi, sannan ya ce, "Kai ne Abdu Dogo na Tasawa? Kana da wasiƙa daga gida."

Mutumin ya zauna a ƙasa nan bakin ƙofa. Ya ce shekara bakwai bai aika ba, bai kira ba, tun da aiki ya ƙare kunya ta hana shi. Bai san ko tsohuwarsa na da rai ba. Ya miƙo hannu biyu.

"Tana ina, Baba?"

"Tana Lyon."

"Lyon?"

"A buro, a kulle. Kayan gwamnati ne, ba a fita yawo da su ran Lahadi. Ni adireshi na zo karɓa. Ran Talata za ta iso. Kuma na duba akwatunan wasiƙa na ƙasan bene, ba sunanka a ko ɗaya."

Ya zaro 'yar takarda da salatif daga aljihu, muka sauka mu uku, ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe ya liƙa. A jirgi na kasa haƙuri na ce, "Haba Kawu, ka ga halin da yake ciki, ka bar shi da kwana biyu na zullumi." Ya ce, "In na ba shi da hannuna, alheri na yi masa, kullum zai riƙa jin nauyina. In faktar na unguwarsu ya kawo masa, haƙƙinsa ne kamar na kowa. Kuma ta biyu in ta zo ba sai an neme ni ba."

Wasiƙar ta mahaifiyar Abdu ce, malamin makarantar garinsu ya rubuta mata. Ba ta nemi komai ba, ta ce in yana raye a gaya mata kawai. Abdu ya kira ta ranar da wasiƙar ta iso. Sun sha hira har damina biyu kafin Allah ya karɓi ran tsohuwar.

Da Kawu ya yi ritaya muka ce yanzu za mu huta, ashe meri ce, ofishin magajin gari, za ta shiga uku. An yi gyaran titinmu aka cire bencin da ke tashar bas, ba a mayar ba. Tsofaffin unguwa suka koma jiran mota a tsaye. Kowace Litinin Kawu ya rubuta wa magajin gari, da ladabi, da zanen wurin. In majalisar gari za ta zauna, yana layin farko na 'yan kallo da babbar riga da tsohuwar hularsa ta aiki. Ba ya cewa uffan, kallo kawai. Matar da ke karɓar baƙi a meri har ta haddace shi, da ta hango shi sai ta ce, "Benci?" ya ce, "Benci." Bayan watanni aka kawo sabo fil. Muka raka shi ya gani, har da Malam Bitrus. Ya zagaya shi, ya girgiza shi ya ga ko ya kafu. Tanti Hadiza ta ce, "To zauna mana, ka ci moriyar wahalarka."

"Ni? Na tsofaffi ne."

Lokacin ya haura saba'in, da sanda a hannunsa. Har ya bar duniya a tsaye yake jiran bas, kusa da bencin.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ranar da ya rasu muka rasa ta inda za mu fara, don ya sha faɗa a Damagaram yake so a binne shi, kusa da iyayensa, kuma duk mun san yawan takardun da ake nema kafin gawa ta bar ƙasar nan. Tanti Hadiza ta buɗe kabad ta fito da wani koren dosiye na takardu, ta ce ya ce kada a taɓa sai ranar. Komai na ciki: takardun meri, na ofishin jakadanci, na masu ɗaukar gawa, kowace kwafi uku, ya cike su da rubutunsa mai kyau, ya sa alamar fensir inda kowa zai sa hannu. Ni na kai su meri. Matar nan mai karɓar baƙi ta buɗe tana bi shafi shafi, ta ce ba ta taɓa ganin dosiye cikakke haka ba. Sai ta tsaya, ta cire tabarau ta share ido, ta miƙo mini biro. Gurbi ɗaya ya bari ba a cike ba, na kwanan wata.

Allah ya jiƙan Kawu Lawali, ya yafe masa kurakuransa. Ya Allah, bawanka ne da ya riƙe amanar mutane bai leƙa ba, ka ba shi littafinsa a hannun dama, ka sanyaya makwancinsa, ka ba Tanti Hadiza haƙurin rashinsa. Amin.