Dakta Ciyawa da Tsohuwar Ɓauna

Jama'a, a gyara zama, a cire hula! Ga Dakta Virgil Yellow Hawk, sarkin ciyawar kogin Cheyenne, wanda ya share shekara takwas a jami'a yana karantar abin da saniya ta sani tun ranar haihuwarta. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, saboda haka bakina a buɗe yake.

A ƙauyen Cherry Creek aka haife shi, a bayan doki ya girma yana kiwon shanun wani Bature. Ya tafi birni ya karanci ƙasa da ciyawa, ya koyar shekara ashirin, sannan ya dawo gida da tsohuwar a-kori-kura da buri guda: ɓauna ta sake taka ƙasar ƙabilarmu ta Lakota. Shekara tara yana cikin majalisar ƙabila yana roƙon fili. Da ya ishe su sai suka ba shi, amma da sharaɗi: ranar da ɓauna ɗaya ta fasa shinge ta shiga alkamar maƙwabci, an karɓe filin.

Ranar da manyan motoci suka kawo garken ɓaunar, kai, ba a magana! Tsofaffi na kaɗa ganga, kakata na kuka tana dariya. Ni kuwa tuni na ɗare doki.

"Ina zuwa, Janar?" in ji Kawu.

"Zan koro maka su, Kawu, yadda ake wa shanu!"

"Wanda ya gudu daga aji tara ne zai koya mini kiwo? Orville, ɓauna ba ta koruwa. Ka tsaya a ƙofar shinge, kuma ka kama bakinka."

Ya sa aka fara sauke wata tsohuwar ɓauna ita kaɗai. Ta dube mu sheƙeƙe, ta gangara bakin rafi. Sai da ta sha ruwa ta natsu aka buɗe wa sauran talatin.

Ƙasa ta girgiza! Ban san lokacin da ihu ya kuɓuce mini ba. Garken ya firgita, ya miƙe sak wajen shingen alkama. Ganga ta tsaya cak. Na ga shekara taran Kawu na gudu da ƙafa huɗu, kuma ni na kore su.

Saura ƙiris su kai shingen tsohuwar ta yi gurnani daga rafi. Na gaba ya karya kwana, sauran suka bi shi, duk suka kewaye ta suna huci. Ashe abin da Dakta ya karanto ke nan: garken ɓauna uwa yake bi!

Na sukwano wurinsa ina haki. "Kawu, ka gani? Kai ne zakara! Yau ka shiga tarihi, jikokinmu za su rera sunanka!"

Ko kallona bai yi ba.

"Ka rufe ƙofar shingen?"