Wasiƙar da Na Kasa Karantawa

A shekarar annobar marisuwa aka rufe makarantarmu ta boko. Wata biyar kacal na yi a cikinta, amma a gidanmu na Tudun Wada ni ne shehin malami, tunda babu na biyu. Malaminmu ya rasu, aka ce kowa ya zauna gida. Ni dai na zauna, baƙaƙen da na koya kuwa suka kama gabansu.

Ana nan sai ga wasiƙa daga Kaduna, inda babana ke aikin reluwe. Akawun da ke karanta wa unguwa takarda kwanansa uku a kabari. Bayan magariba kakata Iya ta zaunar da ni bakin murhu, ta miƙo mini.

"To maigida, yau ga ranarka."

Na juya takardar sama, na juya ta ƙasa. Sunan babana kaɗai na gane. Sai kuka.

Iya ba ta lallashe ni ba. Ta iza wuta ta ce, "Ga ta nan, buɗe kunnenka." Wai a wani gari aka yi ruwa kwana arba'in, wutar kowane murhu ta mutu, mutane suka koma tauna ɗanyen gero. Sai wata tsohuwa ta ɗauki tsingaro tana bi gida-gida tana tona toka. Nan garwashi kamar ƙwayar dawa, can rabinsa, ba wanda zai dafa ko ƙwai. Da ta haɗa su ta hura, ranar garin ya ci tuwo.

"Ku nawa ne a ajin naku?"

"Goma sha ɗaya. Yanzu saura bakwai."

"To ga murhu bakwai. Da safe ka fita, malamin ƙarya."

A lokacin ba mai yarda baƙo ya taka masa zaure, don tsoron cutar. Gida-gida nake bi, daga ƙofa nake zana baƙi a ƙasa, ɗan ajinmu ya leƙo ya faɗi sunansa, in ya tuna. Audu ya riƙe wasula. Yohanna ya san baƙaƙe biyar, ya rantse a kan biyu da ba haka suke ba. Kwana shida ina haɗa kalmomi. Wasiƙar ta ce Baba yana kwance, Iya ta zo maza. Ta hau jirgi, ta tarar da kabari mai kwana biyu.

Shekara talatin na yi ina koyarwa. In yara suka dawo bayan an daɗe da rufe makaranta, ba na tambayar abin da suka manta, na san yawansa. Nakan tambayi abin da ya rage wa kowa, in zaunar da su su haɗa. Kuma a ranar nake farawa, don na san abin da kwana shida ke ci.