Takalman Ajin Malam Alu

Shekara talatin da ɗaya Malam Alu ya yi yana koyar da Turanci a wata ƙaramar firamare da ke bayan Wurma. Shi ɗan zamanin alli da tawada ne, lokacin da malami ba ya tsayawa gaban yara sai rigarsa ta sha guga. Yana da tasa hanyar koyarwa. Kowace safiya yaransa kan tuɓe takalma su zuba su tsibi guda a tsakiyar aji. In za a tashi, sai ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba mai karɓar nasa sai ya faɗa da Turanci tsaf: wannan nawa ne, wancan nata ne, waɗancan nasu ne. Wanda ya kuskure ya koma bayan layi.

Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, gida-gida aka riƙa kwashewa zuwa Dutsin-Ma. Yaran makarantar sittin suka koma bakwai. Sai takarda ta zo cewa duk makarantar da yaranta ba su kai ashirin ba, rufe ta za a yi, kuma za a turo masu dubawa su ƙirga.

Alhaji Jibo, mai unguwa, ya ce, "Malam, mu aro yaran makarantar allo na wuni ɗaya. Wa zai gane?"

"Alhaji, ko maki ɗaya ban taɓa ƙara wa yaro ba."

"To, sai ka koya wa benci Turanci."

Kwana uku yana juya maganar, sannan ya yarda.

Masu dubawa biyu suka zo. Ɗayarsu Hajiya Raudatu ce, wadda ta yi karatu a hannunsa. Ta russuna ta gaishe shi, ta ga benci cike da yara ashirin da biyar. Sai idonta ya kai bakin ƙofa, inda yaran aro suka jera takalmansu reras kamar a ƙofar masallaci. Ba wanda ya tuna ya gaya musu al'adar ajin. Ta dawo da kallonta kan ɗan tsibin da ke tsakiya. Abokin aikinta ya bi idonta, ya tambayi dalili. Ba ta iya yi masa ƙarya a gaban malaminta ba.

"Malam, yaranka bakwai ne."

"Bakwai ne, 'yata."

"Da ka bar min su haka, wallahi da na je na yi ta roƙo. Yanzu da wane baki?"

Ya nemi a bar shi ya ƙarasa zangon. Ba a bar shi ba.

Yanzu yana ofishin ilimi a Kurfi. Ƙarfe takwas yakan sa hannu, ya zauna a benci har azahar, ba wanda ke ba shi aiki. Cikin yaran nan bakwai, ɗaya kaɗai ta sake shiga wani aji.