Ƙarfen da ke Jinin Inna

Muna fitowa daga asibiti a Birnin Kudu, Innata ta riƙo hannuna: "Wai me likitan nan yake nufi da ƙarfe ya yi ƙaranci a jinina?"

Ni da nake koyar da kimiyya a Gwaram, sai na zage ina bayani. Na ce ƙarfen da ke jinin mutum da wanda marigayi Baba yake ƙera fartanya da shi sinadari ɗaya ne, ƙwayar zarrarsu iri ɗaya.

Muka shiga mota. Can ta ce, "To ai dole ya ragu. Maƙerin gidan ya tafi."

Ku masana, wace amsa za ku ba ta?