Jiƙon Sabarar Inna Hajo

Da hantsin wata Laraba, a damanar da na gama aji uku a lakwal, wato makarantar boko, na laɓe bayan wani kalgo a dajin Kore Mairuwa ina leƙen kakata, Inna Hajo. Ƙanena Sani yana gida kwance, zawo ya tsotse shi, ita kuwa ga ta durƙushe a gindin sabara tana watsa gero, tana motsa baki. Ta haƙi saiwa, ta tsinki ganye, ta juyo gida. Mutum uku suka gaishe ta a hanya, ko ɗaya ba ta amsa ba.

Ni da ma kunnena ya cika. A bakin rijiya na sha jin mata suna cewa maganin tsohuwar nan "ba banza ba", kawuna mai shago a Dogon Dutsi kuma ya ce da geron nan iskoki ake ciyarwa. Sai zuciyata ta yanke hukunci, wai Inna ta sayar wa doguwar daji da Sani. Ni ake aike in ɗauko ƙwaryar jiƙon, don haka kwana uku ina zubar da shi a bayan rumbu, in cika ta da ruwan randa, in watsa ɗan ganye a sama. Har ina jin kaina gwana, na ceci ɗan'uwana.

A rana ta huɗu idanunsa suka zurma, aka ɗora shi a amalanke sai likita. Aka yi masa ƙarin ruwa, Allah ya tashe shi. Amma magana ta riga ta zaga gari, cewa Hajo ta kusa cinye jikanta. Daga nan ba wadda ta ƙara kawo mata ɗa, ita da a da ƙofarta ba ta rabo da masu goyo.

Sai da na yi aure na iya faɗa mata. Ta yi dariya ta ce, "Ke ja'ira, sabara bauri gare ta. Ranar da anka tahi da shi na ɗanɗana saura, na ji ruwan randa na. Ni tsohuwa ta, sunana ya gama aiki nai. Naki ko bai soma ba."

Yau a kasuwar Dogon Dutsi a leda ake ƙulla garin sabara, ba gero, ba shiru, ba mai zargin kowa. In na bi ta wurin sai in ji kunya ta rufe ni, da kewar Inna. Har ta koma ga Allah mutanen gari ba su wanke ta ba, ni kuma ban buɗe baki ba.